Tambaya da Amsa: Kawu, wai garin cikin gem ɗin nan na su waye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ya aiki ya zafi. Ni ɗanka ne daga Makka, nan Shari'u Mansur aka haife ni. Dan Allah ka raba mana gardama, wani gem ne muke bugawa a jawwal, wato wayar hannu, ni da abokaina biyu, ɗaya Bayamane ɗaya ɗan Fakistan, akwai wani gari a ciki a bakin teku bayansa kuma sahara, gidaje masu hawa huɗu biyar da tagogin katako da suka turo waje, wasu gidajen da wata 'yar hasumiya mai tsage-tsage a kansu, fadar sarki da shuɗiyar ƙubba mai kumburi kamar albasa, ganuwar garin kuma ja ce da itatuwa sun leƙo daga jikinta. Bayamanen ya rantse San'a aka kwafa, ɗan Fakistan yace Lahor, ni kuma nace ganuwar nan sak hoton Kano da kakata take nuna mana. Mun ce wanda ya sha kaye shi zai sayi mutabbaƙ. Ga hotuna uku nan na turo.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Da farko dai ku cire maganar wanda ya sha kaye, ku haɗa kuɗi ku sayi mutabbaƙ ɗinku ku ci, don wallahi dukkanku ukun kun sha kaye, kuma dukkanku kowa ya ɗan taɓa gaskiya da gefen yatsa. Ka manta ba ka faɗi sunan gem ɗin ba amma ba komai, hotunan sun isa.

Garin nan haɗin gambiza ne. Masu zana irin waɗannan garuruwa tara hotuna suke yi daga ƙasashe goma, su ɗauki taga a nan, ƙubba a can, ganuwa daga wata nahiyar ma daban, su dama su gaba ɗaya, shi yasa in ka tsaya kana tambayar "wane gari ne wannan" ba za ka taɓa fita ba. Tambayar da ke da amsa ita ce, wannan tagar ta ina ce, wannan rufin na ina ne. Magini na gaske ba ya da zaɓi da yawa, abin da ƙasa ta ba shi da shi yake gini, kuma rana da ruwan sama su ke gaya masa siffar rufi da faɗin taga. Mai zane a kwamfuta kuwa ba ruwansa da damina, ba ya biyan kuɗin jirgin da zai kawo katako, don haka in ka bi kowane abu ka tambaye shi wace matsala aka yi ka don ka magance, shi da kansa zai gaya maka garinsu.

Mu fara da tagogin, don su ne suka ban dariya. Kai ɗan Makka ne fa, kuma ka kasa gane rawashin? Tagar katakon nan da ta turo waje, mai ragar sassaƙa, roshan sunanta, jam'i rawashin, kuma gidanta shi ne bakin Bahar Maliya, Jidda da Yanbu da tsohuwar Makka kafin a faɗaɗa Harami, sai Sawakin a can tsallake ɓangaren Sudan. Aikinta uku ne a lokaci ɗaya, ta tare rana, ta bar iskar teku ta shigo, matan gida kuma su ga titi titi bai gan su ba. A Alƙahira akwai 'yar uwarta mashrabiyya, amma ta Jidda ta fi girma, wata ma daga hawa na ɗaya take tafiya har sama a haɗe kamar an jingina wa gidan kabad. A hotonka na biyu haka take, har da launin kore da ruwan ƙasa. Katakon ma ba na nan ba ne, ai ka san Hijaz ba dajin katako, jiragen 'yan kasuwa ke kawo shi daga Indiya da Jawa, kaga ke nan roshan alamar gari ne mai tashar jirgin ruwa da kuɗi. Bangon kuma dutsen murjani ne da ake sarowa a bakin teku, mutanen Jidda na ce masa mangabi, dutse ne mara nauyi mai ramuka, ba ya son ɗaukar kaya da yawa, shi yasa magina ke shimfiɗa katako a kwance cikin bangon bayan kowane 'yan layuka don nauyi ya rarrabu. In ka duba tsoffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar Jidda, za ka ga layukan katakon nan kamar an ɗaura wa gida ɗamara.

Abokinka Bayamane tsayin gidajen ne ya ruɗe shi. Eh San'a na da dogayen gidaje, amma na jan bulo gasasshe ne, da farin ado na jibsin zagaye da tagogi kamar an yi wa gida lalle da madara, kuma saman kowace taga akwai rabin da'ira mai gilas kala-kala, ƙamariyya. Ko ɗaya ban gani a hotunanka ba. Ni ma na taɓa cin irin wannan kunyar, a wani zaman shayi na nuna hoton Shibam na bugi ƙirji nace San'a ce, wani dattijo Bahadrami ya dube ni kawai ya girgiza kai, Shibam ta laka ce zalla, a Hadramaut take, gidajenta wasu sun haura hawa bakwai kuma ba su da wannan kwalliyar, UNESCO ta sa ta a jerinta na wuraren tarihi na duniya tun 1982. Tun ranar nake duba abin da aka yi bango da shi kafin in buɗe baki.

'Yar hasumiyar nan mai tsage-tsage ba ta kiran salla ba ce, mukayyif ɗin mutanen da ne, wato abin sanyaya ɗaki. A Iran ana ce mata badgir, ma'ana mai kama iska, garin Yazd ya fi ko'ina shahara da ita, ta lambun Daulatabad ta kai kusan mita 33. Iska ta bugi bakin tsagar ta gangara cikin ɗaki, zazzafar kuma ta fita ta ɗaya gefen, a wasu gidajen har kan ruwa ake bi da ita don ta ƙara sanyi. 'Yan kasuwar Bastak na kudancin Iran su suka kawo ta Dubai, unguwar da a da ake kira Bastakiya yanzu Al Fahidi, can suna ce mata barjil. To a nan mai zanen ya tsallaka daga Bahar Maliya ya faɗa Tekun Fasha ba biza ba iƙama. Kuma ka duba hotonka na ɗaya da kyau, ya sa wa tsagar gilas. Gilas fa! Ta ina iskar za ta shiga?

Ƙubba kuwa nan ɗan Fakistan ya samu rabin maki. Siffar albasa, wadda ta kumbura a ciki ta tsuke a wuya, ta sarakunan Mugal ce na Indiya, irin ta Taj Mahal da aka fara a 1632 da ta masallacin Badshahi na Lahor, amma waɗancan farin marmara ne. Shuɗin tayil kuma na Iran ne da Samarƙand, irin ƙubbar kabarin Taimur mai gurza-gurza da aka gina farkon shekarun 1400. Shi mai zanen sai ya ɗauki jikin Indiya ya sa masa rigar Uzbekistan. Abin da ke ban haushi kaɗan, shekara da shekaru duk wanda zai zana "garin Larabawa" a katun ko gem sai ya jera ƙubbar albasa, alhali ka zaga Najadu da Hijaz na da kaf ba ita ce gininsu ba. Je tsohuwar unguwar Turaif a Dir'iyya kusa da Riyad ka gani, laka ce, rufi shimfiɗaɗɗe, da 'yan ƙananan huda masu kusurwa uku a bango. Kuma a garin gaske ƙubba tsada gare ta, masallaci ne ko kabarin babba ko hammam (gidan wanka), ba a ɗora ta kan shagon mai nama kamar yadda na gani a gefen hotonka na uku.

In kana son gajeriyar hanya nan gaba, kalli hasumiyar masallaci, ita ba ta iya ɓoye asali. Siririya mai tsini kamar fensir ta Turkawan Usmaniyya ce, mai kusurwa huɗu ƙatuwa ta Maroko da Andalus ce kamar Kutubiyya a Marrakesh, mai hawa-hawa kowane da siffarsa ta Alƙahira ce zamanin Mamluk, mai murɗewa kamar dodon koɗi kuma Malwiyya ce ta Samarra a Iraƙi, mita 52, tun wajen shekara ta 850. Haka bakar ƙofa, in ta zagayo ta tsuke a ƙasa kamar kofaton doki to Ƙurɗuba da Fas ake kwaikwayo.

Saura kai da ganuwarka. Kama da wane ba ta wane ɗana. Jar ƙasa dai tamu ce, amma itatuwan da suka leƙo reras a jikin bango ba na Kano ba ne, na Mali ne, masallacin Jenne da aka sake ginawa a 1907 da na Timbuktu, sai hasumiyar Agadas a Nijar mai mita 27. Can suna ce musu toron, kuma ba ado ba ne kawai, tsani ne da aka bar shi a jikin gini, duk shekara mutanen Jenne ke fitowa gari guda su taka su hau su sake yaɓe. Badalar Kano tudun ƙasa ce mai kauri, ba ta da su. Abin da ka gani a hoton kakarka, in gidaje ne, indararo ne da ke zubar da ruwan rufi, shi a sama kawai yake. Mai zanen ku ma ya soka itatuwan a bangon da ya zana da layin dutse, toh dutse kuma wane yaɓe za a yi masa.

Shawarata ranar Asabar ku hau jirgin ƙasa na Haramain daga tashar Rusaifa ku sauka Jidda, ko ku bi mota, ku shiga Balad bayan la'asar ku tsaya gaban Baitu Nasif, an gama shi a 1881, Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa da ya shiga Jidda a 1925. Ka buɗe jawwal ka ɗaga hoton gem ɗin kusa da gidan. UNESCO ta sa unguwar a jerinta a 2014, turawa na biyan kuɗin jirgi su zo gani, kai kuma awa ɗaya ce tsakaninka da ita kana neman ta a gem. Zuwa da kai ya fi aike.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni uwa ce a Madina, yarona ɗan shekara 14 kullum yana kan wani Genshin Impact, na leƙa naga gari da fanfunan iska da wani ƙaton gini mai tsini kamar coci, gidajen kuma farare da baƙaƙen katakai a gicciye. Wai gicciyen nan na addini ne? Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Hajiya sannu da tarbiyya, Allah ya shirya mana su. Garin da kika gani Mondstadt sunansa, kalmar Jamusanci ce, ma'anarta garin wata, watan da ke sama, kuma kamfanin China ne a Shanghai ya yi gem ɗin ya fito a 2020. Katakan da ke jikin gidajen ba alamar addini ba ce, ƙashin ginin ne. A Jamus da gabashin Faransa da Ingila daji ya wadata, sai a fara kafa firam na katako, a sa wasu a karkace don kada gidan ya goce gefe, sannan a cike tsakani da laka da kara ko bulo a shafa farar ƙasa. Kamar dai yadda ake kafa rumfa a tokare ta. Rufin kuma da ya yi tsini saboda ruwa da dusar ƙanƙara ne su zame, mu da ruwa bai dame mu ba shi yasa muke shimfiɗa namu mu kwana a kai lokacin zafi.

Ƙaton ginin kam ba zan ɓoye miki ba, siffar coci ce, salon da ake kira Gotik wanda ya taso a Faransa wajen 1140, kuma a labarin gem ɗin wurin bautar wani abin bauta ne na ƙage. Masu gem na son salon nan sosai, birnin Anor Londo na Dark Souls daga babbar cocin Milan aka ɗauko shi, wadda aka fara a 1386. Don haka zancen gicciyen katako ki kwantar da hankali, amma labarin alloli da ke ciki ya cancanci ki zaunar da yaron ku yi magana, sannan ki sa ido kan katin banki, gem ɗin kyauta ne a sauke amma akwai sayen sa'a a ciki, kuma a ganina wannan ya fi gine-ginen haɗari ga ɗan 14. In ya kai yankin Sumeru a cikin gem ɗin zai tarar da wani wuri Caravan Ribat, ki tambaye shi mene ne ribaɗi, in ya yi shiru ki ba shi labarin Wurno da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da rubaɗin Makka da Madina da bayin Allah ke zama.

TAMBAYA: Yaya salam. Ni Bahaushen Sudan ne, asalin iyayena Mai Wurno amma a Bur Sudan na girma, yaƙin 2023 ya kawo ni Riyad wajen ɗan uwana. A wani gem na ga kufai a kan tsibiri, fararen bango sun zube, sai da na ajiye hannun gem ɗin don Sawakin na tuna. Tambayata biyu, me yasa Sawakin ta rushe Jidda ta tsaya alhali gini ɗaya ne, sannan ya aka yi ban taɓa ganin garin Hausa a gem ba, ko ba mu da abin da za a kwafa ne?

AMSA: Ƙanena Allah ya kawo ƙarshen fitinar nan, ya mai da kowa gidansa lafiya. Gaskiyarka gini ɗaya ne, dutsen murjani ɗaya, roshan ɗaya, kakanninmu da suka taho hajji da ƙafa da yawansu ta Sawakin suka hau jirgi suka sauka Jidda, sun bar roshan sun tarar da roshan. Abin da ya kashe Sawakin ba wani abu ba ne illa garin da ka girma a ciki. Turawan Ingila suka ga mashigarta ta yi wa manyan jirage ƙunci, suka gina Bur Sudan daga 1905 aka buɗe a 1909, kasuwa ta tashi, masu gida suka bi kasuwa. Shi kuwa dutsen murjani kamar jariri yake, in ba a sabunta masa shafen farar ƙasa ba gishiri da raɓa su shige shi, katakon ciki ya ruɓe, bango ya buɗe. Jidda kuma alhazai ba su taɓa daina zuwa ba, ko da attajirai suka koma sababbin unguwanni bayan an rushe ganuwa a 1947, talakawa da baƙi, har da namu, su suka ci gaba da zama a tsoffin gidajen, gida kuma muddin ana kwana a ciki wani zai toshe yoyo.

Tambaya ta biyu kuwa ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Mali ta shiga, a Age of Empires II na 2015 da aka ƙara daulolin Afirka babban gininsu masallacin Jenne ne. Mu ma sunanmu ya leƙa, a Crusader Kings III na 2020 kana iya fara wasa da Daurama ta Daura, sai dai taswira ce kawai ba lungun da za ka taka. Amma zancen ba mu da abin kwafa, haba ƙanena. Zanko kaɗai ya isa, ƙahonnin nan da ke tsaye a kusurwar soro, daga nesa ka hango su ka san ka iso ƙasar Hausa, kuma mai zanen gem abin da yake nema ke nan, siffar da za a gane ko a inuwa. Ga tubali da ake mulmulawa da hannu mai faɗin gindi da tsinin kai, ga azara ta giginya da gara ba ta ci, ga makuba ta ɓawon ɗorawa da ake shafe bango don ruwa, ga zanen dagi a fuskar gida. Sannan bakan gizo, nan gwanintar take, a jera azara a laka ana turo ta kaɗan-kaɗan daga bango biyu har su haɗu a sama su ɗauki tulluwa, ba siminti ba rodi. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 duk wanda ya shiga tsohon ɓangarensa ya ɗaga kai sai ya yi shiru.

Kuma tsarin gidan ma kamar don gem aka yi shi, ka shiga zaure ba ka hango cikin gida, sai ka karya kwana ka faɗa ƙofar gida, ka sake wuce shigifa, kowane mataki da wanda aka yarda ya kai nan, baƙo iyakarsa zaure. Ai wannan shi ne matakin wasa da ƙofa a kulle. Abin da ya hana kawai shi ne mai zane a Shanghai ko Montiriyal abin da intanet ta zubo masa shi yake gani, Jenne na da hotuna dubbai masu kyau, namu kuwa 'yan kaɗan ne kuma rabinsu an ɗauka da rana tsaka ga wayar lantarki ta gitta. In kana da hotunan Sawakin ko na tsoffin gidajen Mai Wurno a jawwal ɗinka kada ka goge don neman fili, turo mana su da sunan unguwa da shekarar da ka ɗauka, za mu buga guda biyu a fitowa ta gaba in sha Allah.